Binciken Suruki a Kan Keke, daga Jumeirah zuwa Mamzar

Liman na sallame sallar asuba muka kama hanya, ranar Asabar ɗin makon da ya wuce wancan, daga bakin masallacin layinmu a Al Ras. Garin da ɗan sanyinsa, irin na ƙarshen shekara, wanda ke sa mutum ya yafe wa Dubai azabar da ta gana masa a watannin zafi. Shagunan kayan yaji duk a rufe, amma ƙamshin kanumfari da busasshen lemon tsami yana nan kwance a layin, 'yan dako suna ta kakkaɓe kurayensu. Wata akori-kura ce ta zo ɗaukata, an jera kekuna a bayanta an ɗaure da igiya. Waɗanda suka san ni a cikinku na tabbata tun daga nan sun fara dariya, don rabona da keke tun ina kai wa mahaifinmu abinci kasuwar Kurmi, kuma tumbin da nake ɗauke da shi yanzu ba na masu motsa jiki ba ne.

To gaskiya ba motsa jiki ya fitar da ni ba, bincike aka aike ni. Yayana da ke Kano yana da 'ya, ta gama karatunta, ta kawo wanda take so. Ɗan Katsina ne, yana aikin lantarki a wani kamfani a nan, yana zaune a Al Qusais. Magabatansa sun je gaisuwa an karɓe su hannu bibbiyu, amma ba a ba su amsa ba, don kun san ba a ba da 'ya sai an san wa za a ba. Can gida an bi asalinsa, ba a sami abin faɗa ba. Saura zamansa na nan, wanda ba mai iya gani sai ni. Abin da ya tsaya wa Yaya a rai shi ne wani ya tsegunta masa cewa duk ƙarshen mako yaron ba ya samuwa, wai yana bakin teku. Yaya bai taɓa zuwa Dubai ba, amma ya ga bakin teku a waya, kuma abin da ya gani bai kwanta masa ba. Ya ce mini, "Ka je ka gani da idonka. In ka ce a ba shi, an ba shi. In ka ce a'a, na rufe maganar." Ita yarinyar na san tana can tana jiran abin da zai fito daga bakina.

Ni kuma sana'ata kago ce. Shekara da shekaru ina tura kayan mutane gida, kuma ba na karɓar kwali sai na farke shi, ko da mai shi ya rantse mini turare ne. Wannan sana'a ta ɓata mini zuciya, ban musa ba, kowa na gani sai in ga akwai abin da ya ɓoye a ƙasa. Da na bincika sai na gano akwai wani zaure a waya na 'yan Arewa masu hawan keke Asabar da Lahadi, kuma mutumin nawa yana ciki. Na nemi a sa ni, na ce likita ne ya ce in rage ƙiba. Ban taɓa haɗuwa da saurayin ba, hotonsa kawai aka turo mini, kuma na sakankance bai san ni ba, tunda ni da Yaya ko a inuwa ba mu yi kama ba.

Shugaban tafiyar shi ke tuƙa motar, wani mutumin Jos ne, Kirista, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, mai fara'a har ta so ta yi yawa. Muka bi ta ramin Shindagha muka ɓulla gefen tashar jiragen ruwa, muka miƙe titin Jumeirah. Duk tsawon hanyar yana karanta mini dokoki. Hular kwano dole, riga mai ƙyalli dole, ba a gudu ya wuce ƙa'ida, ba a hawa hanyar masu tafiya a ƙasa, kuma kada in kuskura in ɗauki hoton kowa ba da izininsa ba. "Oga Alhaji," ya ce, "nan camera ya fi mutane yawa. Ka yi mistake ɗaya, fine zai same ka kafin ka kai gida, khalas, magana ta ƙare." Na ce masa na girme shi a garin, ba sai ya koya mini tsoro ba. Duk wanda ke zaune a ƙasar nan da bizar aiki, da tsoron abin da zai taɓa ta yake kwana.

Da muka isa wurin haɗuwa, kusa da inda mashigin ruwa ya faɗa teku, sauran suna jiranmu. Ba su da yawa. Akwai wani ɗan Maraɗi mai sayar da wayoyi, akwai samari biyu ma'aikatan otal, ga kuma mutumin nawa, na gane shi nan take. Sai wani dattijo mai furfura a gemu, sanye da kaftani, ya ɗaure ƙafar wandonsa da roba, ya kifa hular kwano a kan zannarsa. Aka ce shi ma baƙo ne, ya zo sarin kayan mota a Ras Al Khor. Saurayin yana ganina ya ajiye kekensa, ya zo ya durƙusa har ƙasa, a kan kwalta, ya gaishe ni, kansa a sunkuye. Na amsa, amma a raina na ce yawwa, an fara. A Dubai wa ke durƙusa wa wani? Samarinmu na nan hannu ɗaya suke miƙa maka, ɗayan yana kan waya. Ladabin da ya kai haka ga mutumin da ba ka sani ba, ni a wurina abin a sa wa ido ne.

Aka ba ni wani keke mai faffaɗan sirdi, aka ce na masu jiki ne. Farkon hawana sai da na yi rawa da shi kamar mai ɗauke da tulu a ka, ɗan Maraɗin yana bayana yana cewa "Doucement, Elhaji, a hankali." Daga baya ƙafa ta tuna aikinta. Hanyar kekunan kuwa sai wanda ya gani, sumul, ba rami ko na magani, an raba ta da fenti, ta masu zuwa daban ta masu dawowa daban, ga ta masu gudu a ƙasa a gefe, mai laushi. Teku yana hannun damanmu, shuɗi, kwance, rana ta fara taɓa shi. A hagu gidaje ne gajeru masu katanga da furanni, can bayansu dogayen benayen tsakiyar gari sun yi cirko-cirko a cikin hazo. Na ga tsohuwar Baturiya da ta kai sa'ar gyatumarmu ta wuce ni fuu, na ga Balarabe da farar jallabiyarsa yana tura 'yarsa a ƙaramin keke, na ga 'yan Filifin sun yi ayari da riguna iri ɗaya suna ta ƙyalƙyala dariya. Abin da Yaya ke tsoro shi ma akwai shi, can bakin ruwa, masu kwanciya a yashi ba kayan kirki a jikinsu. Sai dai wanda ke kan keke, in ya ce zai kalle su, a asibiti zai ƙarasa kallon.

Ni idona yana kan mutumina. Abin da na fara lura da shi, ba ya yarda mu jera. In na ƙara wuta in cim masa, sai ya ƙara. In na rage, sai ya tsaya gyaran kacar da ba abin da ya same ta, har in wuce. Ko sau ɗaya bai yarda mun haɗa ido ba. Ɗan Maraɗin ma ya ƙara mini gishiri, don na ji yana tsokanarsa: "Kai yau ina ɗan matsattsen wandon naka? Ka zo mana da wando kamar mai zuwa Juma'a." Na riƙe wannan. Ashe yana da shigar da yake yi in ba baƙo, da wadda yake yi in ya ga sabuwar fuska.

Wanda ya liƙe mini shi ne dattijon. Duk inda na juya yana gefena, yana haki ina haki, amma bakinsa bai huta ba. Wace unguwa nake a Kano? Gidan wa? Mu nawa ne a wurin mahaifinmu? Iyalina suna nan ko suna gida? A wane masallaci nake Juma'a? Tambaya yake cikin laushi da murmushi, irin ta wanda ya saba tatsar mutane. Na yi ta juya shi a raina. Ko dai ɗan damfara ne yana auna ni, ko ɗan kago ne yana son ya san kwastomomina, ko kuma, wanda ya fi tsorata ni, irin mutanen nan ne da ake cewa hukuma tana bazawa cikin baƙi su ji abin da ake faɗa. Mai sarin kayan mota me ya haɗa shi da masallacin da nake salla? Sai na riƙa ba shi amsa a karkace, in ya tambayi gabas in nuna masa kudu.

Muka yada zango a wani ɗan shagon Indiyawa da ke bayan masallaci, layi ɗaya daga teku. Nan ne talaka ke karyawa: shayin karak mai kauri da citta, da faratha, irin gurasarsu, an naɗe ƙwai a ciki, da canjin aljihu sai ka ƙoshi. A rumfunan da ke kan yashin kuwa, kuɗin kofi ɗaya na gahawa sai ya ciyar da mu duka, shugaban ya ce da kallon teku ake haɗawa a kuɗin. Kowa ya zauna ya buɗe ciki, ban da saurayin. Aka miƙa masa ya ce alhamdulillahi. Jim kaɗan na ɗaga kai, babu shi. Na ce zan kama ruwa, na zaga bayan masallacin a hankali. Can na hango shi tsugune a bayan katanga, inda ba mai ganinsa, ya ɗaga wani ɗan baƙin filas yana kwankwaɗa. Takalmina ya yi ƙara. Ya zabura, ya tura filas ɗin cikin jaka, ya goge baki da bayan hannu, ya miƙe ya yi tsuru-tsuru. Na wuce kamar ban gani ba. Me mutum zai sha da sai ya ɓuya a bayan katanga?

Daga nan muka ci gaba har bakin da ake kira Kite, inda matasa ke ɗaura wata ƙatuwar lema a ƙugu iska tana jansu a kan ruwa, abin da ko kyauta aka ce in yi sai an ɗaure ni. Muka ƙarasa tashar masunta ta Umm Suqeim, daga inda ake hango otal ɗin nan mai siffar filafilan jirgin ruwa, wanda duk ɗan Kano da ya zo sai ya yi hoto a gabansa ya tura gida kamar nan ya sauka. A tashar akwai masu soya kifi, ka nuna wanda kake so a shafe shi da jan yaji a tsoma a mai, a kawo maka da burodi da miya mai kwakwa. Kifin ya yi, ba zan ci amanarsa ba. Nan ma saurayin bai ci ba, ya ɗauko ruwan wanke hannu ya ajiye mini ya koma can nesa. Ɗan Maraɗin ya ce, "Yau lafiya? Kai da ke cinye rabon mutum biyu?" Ni dai na ce a raina, wanda ya cika cikinsa da abin filas ina zai ga wurin kifi.

Na dawo gida da la'asar ƙafafuna kamar ba nawa ba, zama ma sai a gefe guda. Yaya ya kira, na ce masa ban gama ba, akwai abin da na gani amma ina son in tabbatar. Na ji ya yi ajiyar zuciya. Ba na son in kashe auren yarinya a kan filas ɗin da ban shinshina ba, kuma ba na son in jefa ta hannun mashayi don na ji nauyin tambaya. Sai dabara ta faɗo mini, wadda a lokacin na ga ba ta da na biyu: in yi masa bugun ciki. Ɗan duniya ba ya sakin jiki da dattijon kirki, amma in ya ga dattijon nasu ne, sai ya zazzage.

Lahadi tafiyar gajera ce, a Mamzar, can iyakar Dubai da Sharjah, kusa da unguwar su saurayin. Wurin ya fi Jumeirah kama da na mutane irinmu. Ruwan a kwance yake, ya shigo cikin gari ya yi gulbi, dabinai sun jeru a gefen hanya, benayen Sharjah suna tsallake. Iyalan Pakistan da na Sudan sun shimfiɗa tabarmi tun da safe, ana hura gawayi, mata cikin abaya suna tafiya bibbiyu, tsofaffi suna jefa ƙugiya ba sa kama komai. Iska tana kaɗawa da ɗan warin gishiri. Da ban zo da mugun nufi ba, da na ji daɗin wurin ƙwarai.

Da muka tsaya hutawa a ƙarƙashin wata rumfa, sauran suka tafi sayen ruwa, na ga saurayin shi kaɗai yana ba tayarsa iska. Na matsa na tare shi ta inda ba zai zille ba.

"Samari," na ce, "ku ne kuka san lungunan garin nan. Ni fa iyalina suna Kano, kaɗaici ya ishe ni. Ina kuke zuwa in kuna son ku ɗan warware? Wurin da akwai kiɗa, da ɗan abin kurɓa, da masu taya hira."

Famfon ya suɓuce daga hannunsa. Karo na farko ke nan da ya dube ni, ya yi sauri ya mai da kansa ƙasa.

"Baba, wallahi ban sani ba."

"Haba habibi, kar ka ji kunyata," na ce, har da kashe ido. "Ni ma ɗan gari ne. Wanda na saba zuwa ne aka rufe, shi ya sa nake neman sabo."

Ya ce, "Baba, don Allah a yi haƙuri," ya ja kekensa ya bar wurin da tayar a sace. Ina juyowa sai ga dattijon a bayana, zaune a kan benci, goro a hannunsa bai kai baki ba. Ban san tun yaushe yake nan ba. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya miƙe ya nufi bakin ruwa yana laluben waya. Na ga saurayin ya bi shi da sauri, ya durƙusa yana magana yana haɗa hannuwa, dattijon ya ɗaga masa hannu ya kore shi, ya kara wayar a kunne.

Na ce shi ke nan, zargina ya tabbata, ɗan rahoto ne, kuma ga ni na faɗa da bakina ina neman barasa da mata. Na hango sitona a rufe, na hango kaina a filin jirgi da jaka ɗaya. Ya daɗe yana magana, yana nuna inda nake da haɓa. Da ya gama na yi ta maza na tare shi.

"Malam, tun jiya kake bina da tambaya. Wa ya aiko ka?"

"Ƙanwata," ya ce. "Uwar yaron nan. Ni kawunshi ne."

Na sake dubansa da kyau. Shi kuwa ya gyara tsayuwa.

"Alhaji, ku kaɗai kuka iya bincike? Mu ma ɗa za mu ba ku. Yaron ya ga ka shigo zauren, ya gane ka, don yarinyar ta taɓa tura mashi hotonku na salla. Ya ce mani baffanta zai zo hawan keke. Na ce to, tunda ina gari, bari in zo in ga irin gidan da za mu shiga. Na kuwa gani."

Jama'a, na sha jin kunya a rayuwata, amma irin ta ranar ban taɓa ji ba. Duk abin da na tara tun jiya ya warware a gabana ɗaya bayan ɗaya. Durƙuson, da ƙin haɗa ido, da ƙin jerawa da ni, da dogon wandon, ba komai ba ne illa kunyar suruki. Ni Bakano, da furfurata, na kasa gane yaron da ke jin nauyina, saboda na riga na yanke cewa bai san ni ba. Na tambayi kawun zancen filas. Ya ce, "Kunun gyaɗa ne, ni na dama mashi. Ka taɓa ganin ɗa mai tarbiyya ya buɗe baki ya ci abinci gaban baffan matar da yake nema? Yaron nan jiya da yunwa ya yi ta tuƙa keke saboda kai."

Na zauna na kwashe komai na gaya masa, daga aiken Yaya har dabarar bugun cikin, na rantse masa ban taɓa sanin ƙofar irin wuraren ba. Ya tsura mini ido, sai ya fashe da dariya, ya yi ta yi har da riƙe ciki, hular kwanon tana karkacewa. Ya yarda da ni, na ga haka a fuskarsa. Can sai dariyar ta ɗauke.

"Sai dai fa na riga na hwaɗi," ya ce. "Yaron ya roƙe ni in rufa maka asiri, ya ce kada laihin wani ya shahi yarinyar. Ni na ƙi."

A gabana ya sake kiran ƙanwar tasa. Ashe tana gidan suna, kuma kiran farko a buɗe ta sa wayar, cikin 'yan'uwanta mata, don su ma su ji labarin gidan amarya. Ya yi mata bayani tiryan-tiryan, ya miƙo mini na ƙara nawa, ina jin hayaniyar mata da ƙarar kwanuka a bayanta. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "To Alhaji, mun ji. Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya." Ba ta ce ba ta yarda ba. Amma na san waɗanda suka ji na farko ba duka ne suke wurin a na biyu ba.

Muka ƙarasa zagayen gulbin kowa ya ja gefe. Shugaban ya yi ta tambaya ko wani ya faɗi ne. Da za mu rabu na kira saurayin gefe na ba shi haƙuri, abin da ban taɓa tsammanin zan yi wa sa'an ɗan cikina ba. Ya sake durƙusawa ya ce, "Baba, ba komai, ni ban ji komai ba." Na ce masa ya je ya ci abinci.

Akori-kurar ta sauke ni a Al Ras ana kiran azahar, kasuwa ta cika, 'yan dako suna ta "yalla, yalla" a cikin layi. Ban kai ga hawa bene ba wayar Yaya ta shigo. Labarin ya riga ya isa Kano, ya bi ta Katsina, ta bakin wata da ke aure a unguwarmu, kuma na farkon ne ya iso, ba na biyun ba. Na bar shi ya gama faɗansa, sannan na ce masa yaron nan a ba shi, ko ni ke da 'yar da gudu zan ba shi. Na gaya masa yadda ya roƙa a rufa mini asiri alhali yana ganin ni mutumin banza ne.

Ga masu tambayar hawan keken, ku je, musamman a watannin sanyi. Ku fita da wuri, ku sa hular kwano, ku karya a shagunan bayan layi, kuma wanda ya daɗe bai hau ba ya fara da Mamzar. Abin da ni na koyo kuwa bai shafi keke ba. Na tafi ina ganin ni kaɗai ke da ido, na manta cewa gidan da ke neman 'yarka su ma suna da abin da suke tsoro, kuma da halinka za su auna ta. Na kuma gane cewa ƙaryar da mutum ya yi wa kansa don ya gwada wani, in ta fita, ba ta dawowa da bayaninta.

Cikin makon nan aka ba su, an sa rana bayan ƙaramar salla. Yarinyar ta kira ni tana kuka tana godiya, ba ta san rabin abin da ya faru ba. Bayan ta ajiye Yaya ya sake kira, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗa. Mahaifin yaron ya yarda da bayanina, amma ya roƙi alfarma ɗaya: maganar ta zaga dangi, ba za a iya bin mutane gida-gida ana gyarawa ba, don haka a samu wani ya karɓi waliccin. Duk 'ya'yan Yaya mata ni na ba da aurensu, wannan ce auta, kuma ita ce aka sa wa sunan mahaifiyarmu. Na ce masa ba komai, haka ya dace. Ranar ɗaurin auren zan je in Allah ya kai mu. In liman ya tambayi waliyyin amarya, ƙanenmu ne zai matsa gaba, ni ina sahun baya ina cewa amin.